Wasiyyar Alhaji Mai Tafiyar Ƙasa: wa ya wuce zango na biyu?

Baban Hanifa (Jidda): Assalamu alaikum 'yan jirgi. Kacici-kacicin da na yi wata biyu ina ƙullawa a Sea of Thieves, wasan bidiyon nan na 'yan fashin teku, ya kammala. Zango biyar ne, kowane zango da baitinsa. Labarin wani alhaji ne da ya taho Makka a ƙasa, ya binne sanduƙinsa a hanya, ya bar wasiyya. In ka gane wurin da baiti ke nufi, ka je ka tsaya, ka ɗauki hoton allo ka turo mini ni kaɗai, ni kuma in turo maka baiti na gaba. Doka ɗaya ce, irin ta dandali: wanda ya kasa, yana son a buɗe masa, sai ya ba ni gari. Ga na farko:

Na bar gida da sanda da gora,
Zangon fari yashi ne na zinare,
Tsaya gaban mai gyaran jirgi,
Ɗaga fitila in gan ka.

Ɗan Misfala: Wa alaikumus salam Yaya. Wallahi tun bayan Isha nake kan teburin taswira, na bi ta daga A har ƙarshe, babu wani yashin zinare. Ko dai a yankin duwatsun wuta yake?

Ummu Ayman: Kai yaro ne a wasan nan shi ya sa. Yaushe ka fara?

Ɗan Misfala: Da ya fito a PS5, Anti. Afrilun 2024.

Ummu Ayman: To ai ka ga. Baban Hanifa, wannan laifinka ne ba na yaro ba. Mu da muka fara tun 2018 mun san Golden Sands, wato yashin zinare, amma duk wanda ya shigo bayan an sāke gina tashar, Port Merrick ya tarar a rubuce. Ka ba shi wannan kyauta, kada ka karɓi gari.

Baban Hanifa (Jidda): Da gangan na yi. Alhajin tsoho ne, da tsohon suna zai kira wuri. Amma shi ke nan, tunda an riga an fasa ƙwai. Ƙanena, je ka Port Merrick, matar da ke kan gadar jirage ita ce mai gyaran jirgi.

Nura Riyad: Ni na farko bai ba ni wahala ba. Na biyun ne ya hana ni barci, kuma gobe ina da dawam ƙarfe bakwai. Bari in sa shi a nan tunda na ga kusan kowa ya iso:

Jirgin da ya riga mu ya kwanta,
Haƙarƙarinsa na shan iska.
Tsaya a gindinsa, fuskanci alƙibla,
Taki ashirin ba biyu,
Ka faɗa mini abin da ya tare ka.

Tsibirin dai Shipwreck Bay ne, wannan ko makaho ya laluba. Na tsaya inda ya ce, na daidaita kamfas, na fara ƙirga. Ban kai ƙarshe ba na ji ni tsundum a ruwa. Na fito na sāke, na sāke faɗawa. A karo na uku kifin shak ne ya tare ni. In shi ne amsar, to ga hotonsa na turo maka.

Baban Hanifa (Jidda): Hahaha. Nura, wane ruwa kuma? Babu ruwa a wajen ko kaɗan.

Malam Sani (Madina): Ni kuma ba ruwa na samu ba, dutse ne ya tokare ni tun a taki na bakwai. Na ɗauka shi ne abin da ya tare ni, na tura hoto, aka ce ba shi ba ne. Na yi shiru ne don kada a ce ɗalibi ya kasa kacici-kacici.

Ummu Ayman: Ikon Allah. Ni fa sau ɗaya na taka na isa. Ku tsaya, a hankali. Kuna ɗaga kamfas ɗin kuwa lokacin da kuke tafiya? Don in ka riƙe shi a hannu kawai kana gudu, ba taki kake ƙirgawa ba. Sai ka ɗaga shi zuwa fuskarka, tafiyar ta yi nauyi, ka riƙa jin dum, dum, hannun wasan yana girgiza da kowane taki. Haka ake yi a kacici-kacicin Gold Hoarders, masu ba da aikin tono taska a wasan, kuma da shi Baban Hanifa ya auna.

Nura Riyad: Hajiya, shekarata huɗu ina tono a wasan nan. Na ɗaga.

Malam Sani (Madina): Ni ma na ɗaga.

Ɗan Misfala: Na iso nan ni ma yanzu. Tambaya: ashirin ba biyu, yani ashirin da biyu ne aka yi kuskuren rubutu?

Kawu Mai Wurno: Subhanallahi. Ɗana, ashirin ba biyu sha takwas ke nan. Ashirin, babu biyu a ciki. Haka iyayenmu ke ƙirga, talatin ba ɗaya, hamsin ba biyu. Kakarka ba ta taɓa aikenka baƙala da irin wannan lissafi ba?

Ɗan Misfala: Da Larabci take ba ni lissafin kuɗi, Kawu, zagi ne kawai take yi da Hausa. To na gyara, sha takwas. Amma har yanzu ban ga komai ba, wani ɗan hawa na hau na tsaya a cikin ciyawa.

Ummu Ayman: Mutum uku, wuri uku. Ruwa, dutse, ciyawa. Kowa ya faɗi harafin da kamfas ɗinsa ya nuna.

Nura Riyad: Yamma, ta ɗan karkata kudu.

Malam Sani (Madina): Kudu sak.

Ɗan Misfala: Arewa mana.

Ummu Ayman: Ni gabas. Baban Hanifa, fito ka ga aikinka.

Baban Hanifa (Jidda): Inna lillahi. Wallahi tallahi ban kawo wannan a raina ba. Ni da na rubuta alƙibla, gabas nake nufi, ban ma tsaya tunani ba. A Kano aka haife ni, can in an ce mutum ya fuskanci gabas an gama magana, har cewa ake wane ba ya duban gabas in ba ya salla. Na zo Jidda, nan ma Makka tana gabas da mu. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa canza tsayuwa ba, sai na manta akwai waɗanda suka canza.

Nura Riyad: Mu a Riyad Makka tana yammacinmu. Satin da na fara zuwa, na shimfiɗa darduma a ɗaki na kalli mafitar rana da ƙarfin gwiwata, wani ɗan Sudan da muke ɗaki ɗaya ya kamo kafaɗata ya juya ni kamar akuya. Tun ranar na koyi darasi. Yau kuma darasin ne ya jefa ni bakin shak.

Malam Sani (Madina): Madina kuwa Makka na kudu da ita, mihrabin Masallacin Annabi kudu yake kallo. Kuma kafin a juyar da alƙibla, Baitul Maƙdis ake fuskanta, wato arewa, shi ya sa Masallacin Ƙiblataini yake da wannan suna. To ni da na ga alƙibla a baiti, ƙafata da kanta ta juya kudu.

Ɗan Misfala: Mu Misfala muna ƙasan Harami ta kudu, arewa muke kallo. Abokina na Ma'abda kuma kishiyarmu yake kallo. A Makka in ka ce wa mutum alƙibla gabas ce dariya zai yi maka.

Kawu Mai Wurno: Ku bar dariya, ni ina ganin yaron nan ya yi abin da ya fi wanda ya yi niyya. Baban Hanifa, alhajin naka daga ina ya taso, kuma a ina yake tsaye lokacin da ya faɗi baitin? Don mai tafiyar ƙasa alƙiblarsa tafiya take yi tare da shi. Kakana yana cikin waɗanda suka biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a suka yi gabas har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Garin da aka haife ni ke nan, sunansa yake ɗauke da shi. Mutanen da suka riƙa biyo wannan hanya ta Barno, Wadai, Darfur, Kurdufan, wani shekara biyu, wani bakwai, wani ya yi noma a Jazira ya tara guzuri, wani ya mutu bai ga teku ba. Duk wanda ya kai Sawakin, alƙiblarsa ta koma arewa maso gabas, don Makka tana tsallaken Bahar Maliya ta wannan kusurwa. Ko Kanon da kake faɗa ai ba gabas sak ba ce, ta ɗan hau arewa. In jirgin da ya kwanta a bakin Sawakin yake, to duk ku huɗun kun ɓata, har da mai baitin.

Ummu Ayman: Kawu ya zo da alƙibla ta biyar.

Baban Hanifa (Jidda): Kawu, Allah ya ƙara girma. Gaskiya daga labarin kakar mahaifiyata na ɗauko shi, ita ma ta Sawakin ta ƙetaro, amma ban zurfafa haka ba. A raina jirgin ya riga ya ƙetare, a gaɓar Jidda ya fashe.

Kawu Mai Wurno: To ka faɗa a baitin. Kuma abin da ya sa ban ga laifinka a zangon farko ba: haka aka yi wa Sawakin. Turawan Ingila suka gina Bur Sudan daga 1905, manyan jirage suka koma can, gidajen Sawakin na dutsen murjani suka riƙa zubewa. Irin dutsen da aka gina tsofaffin gidajen Balad da shi ne a nan Jidda. Amma tsofaffinmu har suka mutu in za su ce teku, Sawakin suke cewa. Tsoho ba ya sabunta taswira.

Nura Riyad: Duk na ji, tarihi ya yi daɗi. Amma ni ra'ayina a cire alƙibla kawai a sa gabas. Kacici-kacici mai kyau amsarsa ɗaya ce ko daga ina ka zo. Wannan ba wayo ba ne, kuskure ne, mai shi ma ya amsa. In mun fara yi wa kuskure kwalliya, gobe wani zai rubuta shirme ya ce zurfi ne.

Ummu Ayman: Ban yarda ba. In ya rubuta gabas, me ya rage? Ka tsaya, ka juya, ka ƙirga. Wannan ai wasan da kansa yana ba ka irinsa ɗari, da Turanci. Abin da ya sa na bar wanke-wanke na zauna kan wannan shi ne da harshenmu aka yi shi, kuma sai ka san wani abu namu kafin ka wuce. A bar alƙibla, a ƙara layin da zai nuna inda mutumin yake.

Nura Riyad: Ke da kika wuce a taki ɗaya dole ki ce a bari. Ba ke shak ya ci ba.

Ummu Ayman: Ai ba a Riyad aka ce ka zauna ba.

Malam Sani (Madina): Ni ina tsakiya. Ina tare da Hajiya cewa a bar ma'anar, amma da za a sauya lafazin da na fi so. Wasa ne na 'yan fashin teku, ga giyar da ake ɗirka a ciki, ga kiɗa. Ba na cewa kowa ya bari, ni ma ina ciki, fitila da shebur nake riƙewa in bar sauran. Sai dai kalmar alƙibla tana da nauyi a wurina, ban so a riƙa cewa alƙibla ta jefa wane ruwa. A ce ya fuskanci inda ayari ke dosa, ko wani abu mai kama da haka.

Baban Hanifa (Jidda): Malam, na karɓa. Dama saboda kai na cire wurin da na so a yi kiɗa a zango na huɗu na mayar da shi ɗaga fitila. Ga gyara, ku duba:

Tsaya a gindinsa kamar baƙon da ya sauka Jidda,
Ka ba teku baya, ka dubi Bab Makka,
Taki ashirin ba biyu.

Wanda ya san Balad ya san ƙofar nan tana gefen gabas, ta nan ayari ke fita zuwa Makka. Wanda bai sani ba ya tambaya, ko ya ba ni gari.

Nura Riyad: Wannan na yarda da shi, don amsarsa ɗaya ce. Na koma, na taka, na ga abin. Ba zan faɗa ba. Amma Yaya, wannan ɗan abin ka sa na sha ruwa sau uku saboda shi?

Ɗan Misfala: Ni ma na wuce! Na uku ya fi daɗi wallahi:

Akwai wutar da rayayye ba ya ɗebowa.
Mai jan ciki zai biya maka kuɗin jirgi.
Ɗebo ta ka rataya a naka.

Na gane jirgin matattu ne, inda ake kai ka in ka mutu, akwai wutar nan a tsakiya da ake ɗiba da fitila. Na je na bar ƙwarangwal ya sare ni, na ɗebo, na kunna a jirgi, na tura hoto. Ya ce ba ita ba. Me ya sa?

Ummu Ayman: Wace kala ka samo?

Ɗan Misfala: Kore.

Ummu Ayman: Ƙwarangwal yana jan ciki ne? Ba da gari a yi maka bayani.

Ɗan Misfala: Yaya, na ba ka Bahra.

Baban Hanifa (Jidda): Bahra? Wurin da ake tsayawa shan shayi a tsohuwar hanya? Ban karɓa ba. Ƙaro.

Ɗan Misfala: To na ba ka Ɗa'if, da rumman ɗinta da sanyinta.

Baban Hanifa (Jidda): Yanzu ka yi magana. Na shiga Ɗa'if, na hau Hada, na sha iska, na ci rumman, na bar maka ɓawo. Saurara: kalar wutar tana bin abin da ya kashe ka. Ƙwarangwal kore, shak shuɗi, tsawa fari, wuta ko dutse mai aman wuta ja, ɗan wani jirgin in ya kashe ka ruwan hoda, dafin maciji kuma shunayya. Sauran ka ƙarasa da kanka.

Nura Riyad: Kash, da na sani na ɗebi shuɗiyar jiya, ai na biya kuɗinta.

Malam Sani (Madina): Gargaɗi ga masu zuwa neman maciji, don ni na sha wahalarsa. Na farko, ba kowane lokaci ake samunsu a tsibirin da ka saba ganinsu ba, na zaga uku kafin na ji tsakinsu. Na biyu, abin da ya yi maka bugun ƙarshe shi ake lissafawa. Na tsaya gaban maciji kamar wawa, yana tofa mini dafi, allo ya yi duhu, jini ya kusa ƙarewa, sai ga wani ƙwarangwal ya fito daga ƙasa ya harbe ni ta baya. Na farka a jirgin matattu, na ɗaga fitila, kore. Ku share wurin tukuna kafin ku miƙa wuya. Kuma wanda ke tare da ku kada ya taɓa kayan kiɗa, kiɗa yana kwantar da maciji, sai ya daina tofi ya kama rangaji.

Kawu Mai Wurno: Malami guda ya tsaya maciji ya kashe shi saboda fitila. Allah ya kyauta. Ni jikana ke riƙe hannun, ni nake fassara masa baiti, mun raba aiki.

Ummu Ayman: Na huɗu fa akwai matsala ta gaske, ba irin ta alƙibla ba. Ba zan sa baitin ba, amma ya ce a bi inuwar wani abu da hantsi. Na isa wurin hadari ya rufe tsibirin, babu rana balle inuwa, kamfas yana ta juyawa kamar mazari. Na ɗauka wasan ne ya lalace, na kashe na kunna.

Baban Hanifa (Jidda): Bai lalace ba, haka hadari ke yi wa kamfas, har sitiyarin jirgi yana fizga. Ki jira ya wuce, ko ki fita ki sāke shiga ki faɗa wata sabar, wato wani zaman wasan daban. Kwana guda a wasan minti 24 ne, daƙiƙa ɗaya minti ɗaya, to in hantsi ya wuce ki ba ki yi asarar komai ba, ki soya kifi a jirgi ki jira na gobe. Ki duba agogon aljihu, tsakanin takwas da tara nake nufi.

Ɗan Misfala: Dama hantsi lokaci ne? Na ɗauka sunan tsibiri ne.

Kawu Mai Wurno: Ɗana, ka zo Jidda ranar Juma'a ka ci tuwo a gidana, mu yi maka karatu. Asuba, hantsi, walaha, azahar. Kakarka tana da aiki.

Nura Riyad: Tambaya kan na ƙarshe kafin mu isa. Sanduƙin na gaske ne ko hoto ne shi ma? Don na san tun ƙarshen 2021 ana iya binne kaya da shebur a samu taswira, amma abin da ka binne a sabarka ni ba zan gan shi a tawa ba.

Baban Hanifa (Jidda): Na gaske ne, shi ya sa na biyar sai da ni. Wanda ya kawo hoton na huɗu zan gayyace shi jirgina. Babban jirgi mutum huɗu yake ɗauka, wato ni da uku. Zan riga ku shiga in binne, in ɓoye taswirar, ku nemo da baiti kawai. Ni ba zan yi magana ba, ina zaune a kan igwa ina kallonku.

Nura Riyad: To a yi shi a Safer Seas don Allah, inda babu kowa sai mu. Ba zan yi sati ina fama ba, a ƙarshe wasu yara su zo su nutsar da mu su tafi da sanduƙin alhaji.

Ummu Ayman: Haba Nura. Alhajin da ya ratsa Darfur a ƙasa, shi za a kai wa sanduƙi ta hanyar da babu ɗan fashi? A babban teku za a yi. In an ƙwace, an ƙwace.

Malam Sani (Madina): Ni ina da jarrabawa ranar Lahadi, ba ni da zuciyar faɗa. Ina bayan Nura.

Baban Hanifa (Jidda): Za a yi sau biyu. Daren Alhamis bayan Isha a babban teku: Ummu Ayman, jikan Kawu, da Ɗan Misfala in ya samo shunayyarsa. Asabar da rana a mai lafiya: Nura da Malam, saura gurbi ɗaya. Wurin binnewa daban-daban ne, kada 'yan Alhamis su sayar wa 'yan Asabar.

Ɗan Misfala: Na samo! Maciji biyu suka taru a kaina, ko motsi ban yi ba. Hoto na hanya. Yaya, in na ci sanduƙin za ka mayar mini da Ɗa'if?

Baban Hanifa (Jidda): Garin da aka ci ba ya dawowa. Ka tanadi wani, baiti na biyar akwai zangu a ciki.

Ɗan Misfala: Mene ne zangu kuma?

Kawu Mai Wurno: Kada kowa ya faɗa masa. Yanbu nake so.